Dabinon Alhaji Sabo

Kowace safiya Alhaji Sabo yakan riga mijin 'yarsa zuwa ofis. Abdurrazak zai sauko daga babur ɗin haya, ƙafar wandonsa duk taɓon unguwar New Bell, ya tarar da tsohon a kan bencin ƙofa da carbi a hannu, kamar mai jinya a bakin asibiti. Dole ya durƙusa nan gefen titi, da kwat ɗinsa da komai, abokan aiki suna leƙe ta taga.

"Yau yana ina?" in ji Alhaji.

"Yana Salala, Baba."

"Jiya ma Salala ka ce."

"Bai motsa ba, Baba."

Maganar dabinon da ke cikin kwantena ake yi. Alhaji Bakatsine ne, fataucin yadi ya kawo shi Duwala. Da ya je umara aka ba shi wani dabino mai laushi, wanda ke narkewa a baki tun haƙori bai taɓa shi ba. Daga dawowarsa ya miƙe a masallacin unguwa ranar Juma'a, ya ce bana babu mai azumin da zai sha ruwa a New Bell ba da wannan dabino ba, sadaka ce ga mahaifansa. Aka yi kabbara. Ga shi kuma Allah ya ba shi suruki mai aikin fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa, ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar da aka tsara lodin, Abdurrazak ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, irin wannan dabinon a kwantena mai firigo, mai sanyaya kaya, ake sa shi, saboda zafi."

Alhaji ya yi dariya. "Dabino ne fa, ba nama ba. A Katsina buhun dabinon Agadas yakan shekara a ɗaka, ko ƙwarzane bai yi ba. Ku 'yan Duwala, ko ruwan alwala sai kun sa a firigo."

Da wani ɗan kasuwa ne, da Abdurrazak ya buga tebur ya wanke shi da Faransanci. Amma wannan uban matarsa Latifa ne. Suruki yakan faɗi magana sau ɗaya, na biyun ya zama rashin kunya. Ya haɗiye sauran, ya ce, "To, Baba."

An yi lodi a Jabal Ali, babbar tashar Dubai, inda injunan ɗaga kaya ke jere iya ganin ido, jirgi ɗaya yana haɗiye abin da zai cika kasuwar New Bell har ya yi saura. A da, daga nan jirgi zai bi Bahar Maliya ya ɓulla Tanja ta Maroko, a sauke kayan Duwala a ɗora wa ƙaramin jirgi. Sai ga rikici a Bahar Maliya, jirage suka ƙaurace mata. Kwantenar ta zauna a Salala, can ƙasar Oman, rana tana dafa ta, tana jiran jirgin da zai zagaye Afirka.

Abdurrazak ya gaji. Ya gaji da benci, ya gaji da durƙuso, ya gaji da Latifa da ke tarbarsa da ido maimakon ruwa. Ko masallaci ya shiga, daga sallame salla wani zai matso: "Monsieur, ina labarin dabinonmu?"

Aka ga wata. Ranar goma ga azumi ya nuna wa Alhaji wani ɗigo a allon kwamfuta.

"Ga jirgin nan, Baba, a tekun da ke gabanmu."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Gobe ke nan?"

"A'a, wucewa zai yi. Tanja za shi."

"Ya zo ƙofar gida ya wuce? Ba za a yi masa waya ya tsaya ba?"

"Kogin Wuri da ake bi a shigo tasharmu ba shi da zurfin da zai ɗauke shi, Baba. Sai ya kai Tanja, a juye wa ƙarami, ƙaramin ya komo da shi."

Alhaji ya koma ya zauna a hankali. "Wato a kai shi Arewa kafin a kawo shi Kudu. Ko jakin ƙauyenmu ya fi wannan sanin hanya."

Tanja mahaɗa ce, kayan duniya duk nan suke sauya jirgi, kuma a shekarar kowa can ya nufa. Kwantenar ta shiga layi. New Bell ta sha ruwa da kunu da ƙosai da ayaba, kamar kowace shekara. Liman Malam Yusufa bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Alhaji ya bar sahun gaba ya koma kusa da takalma. A goman ƙarshe ya daina zuwa bencin, sai Abdurrazak ya ga ashe bencin babu kowa ya fi nauyi.

Bayan Salla, damina ta kankama, kwantenar ta iso. Da hantsi aka ajiye ta a ƙofar sito na Alhaji, unguwa ta taru. Har yanzu tsohon bai fid da rai ba. "Masu sitta shawwal ma ai masu azumi ne," ya ce.

Aka yanke hatimi, aka ja ƙofa. Wani tsami mai ɗumi ya bugo, irin wanda Musulmi ke toshe hanci idan ya bi ta ƙofar mashaya. Kwalaye sun jiƙe sun zube, baƙin ruwa mai kumfa yana tsiyaya cikin kwata. Jama'a suka ja baya suna salati. Malam Yusufa ya rufe hanci da rawani, ya ce, "Allah ya karɓi niyya, Alhaji," ya juya.

Kafin azahar warin ya yi aike. Wata mata ta zo daga unguwar Nkololoun, mai dafa arki, giyar da ake tatsa a tukunya. Ta shaƙi iska kamar mai zaɓen turare, ta yi wa Abdurrazak magana da Faransanci.

"Me take cewa?" in ji Alhaji.

"Wai za ta saya duka, Baba."

"Sadakar iyayena? Ka ce mata ta ɓace mini da gani. Juji za a kai shi, a gaban idona za a loda."

Aka kira Awalu mai tifa. Suna tsaye a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana dukan kwano, Alhaji ya ce, bai dubi Abdurrazak ba, "Kai da ka yi karatun abin nan, me ya hana ka gaya mini?"

Abdurrazak ya tuna ranar da ya yi masa maganar firigo. Ya dubi tsohon, ya ga yadda babbar rigar ta yi masa yawa a wata ɗaya.

"Kuskurena ne, Baba."

"Ba komai. Yaro ne kai."

Aka gama lodi. Tifa ta tashi tana ɗiga, ta kai mararraba. Hanyar juji dama ce. Awalu ya ɗan tsaya, matar nan ta fito daga wata rumfa ta haye gaba, motar ta karya hagu.

Alhaji Sabo ya shekara goma yana bin titunan nan da ƙafa. Ya daɗe yana kallon mararrabar, carbin ya tsaya a hannunsa.

"Nan ce hanyar juji?"

"Nan ce, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce a samo masa buta, azahar ta yi.