Kwamfutar Kawu Ba Ta Barci

A kamfanin fentin ana kiransa Injiniya, ko da yake kowa ya san a bayan kanti ya koyi aikin, yana kwance kwamfutocin mutane yana mayarwa har kusoshi suka daina ragowa a hannunsa. Kawunsa ne ya samo masa gurbin. Shi kuwa kawun ɗan tallan kamfanin ne, mai yawo gari-gari da katin launuka da gwangwanayen gwaji a bayan mota. Duk ofishin, har Manaja, Kawu suke ce masa.

Wata safiya Manaja ya aika aka kira Injiniya.

"Zauna. A'a, bari, ba daɗewa za ka yi ba. Me ya sa duk imel ɗin da na tura wa kawunka yana hanya sai ya ce bai gani ba?"

"Don bai gani ba, Yallaɓai."

Gaskiya ya faɗa. Imel ɗin Kawu a kan tsohon tsari yake, wanda ake kira POP. Saƙo na isowa rumbun kamfani, na'urar da ta riga zuwa ita ke kwashe shi, ba ta bari ko ɓurɓushi. Kwamfutar teburin Kawu kuwa ba a kashe ta. Tana can lungu, an jingina mata tsohuwar kalanda, tana haɗiyar saƙo kamar kaza da tsaba. Kafin wayar Kawu ta samu sabis a hanya, rumbu wayam.

Injiniya ya yi wa Manaja wannan bayani. "Ɗayan tsarin fa?" in ji Manaja.

"IMAP. Saƙo yana nan a rumbu, waya ta gani, kwamfuta ta gani, ba mai ɗauke wa wani."

"Shi Mai Kamfani yake so. Duk mai tafiya ka mayar da shi can, ka sa masa manhajar da ke ihu kamar motar kashe gobara. Wanda ya sake ce min bai gani ba, in sauke shi daga mota in ba shi tebur."

Injiniya ya fito daga ofishin, abin na ransa. Kawu bai taɓa yin ƙarya ba. Tun farkon zuwan Injiniya, Kawu ya tambaye shi yadda tsarin yake, ya saurara da kyau, ya ce, "To, kar a kashe ta." Shi ke nan. To mutumin da ya gyara wa duniya zama don maganarsa ta fito gaskiya, me sunansa? Ga kuma saƙonnin da yake gudu. Da safe a tura shuɗin fenti kasuwa, da rana a dakata da shuɗi, da yamma wane sakarai ne ya hana shuɗi tafiya. Masu karantawa suna wuni suna juya mota. Kawu yana zaune a shagon mai saye yana tambayar lafiyar yara, kuma shi ya fi kowa fitar da kaya.

Injiniya ya sami Kawu a wajen ajiye motoci yana ɗaure gwangwanaye.

"Na ji labari, ɗana. Za ka rataya min ƙararrawa kamar akuya."

"Manaja ne, Kawu."

"Da yatsan Manaja za a danna?" Kawu ya ja igiya ya ƙulle. "Ko ka sa, ba karantawa zan yi ba. Sai dai in na ce ban gani ba, na zama maƙaryaci. Da furfurata."

"Tebur zai ba ka."

"Ranar da ka gan ni a tebur, ka kira mai wankan gawa, na riga na tafi."

Ya tayar da mota ya bar shi cikin hayaƙi.

Injiniya ya bi matafiya ɗaya bayan ɗaya yana sauya musu, ofis ya cika da ƙarar wayoyi da zagi ƙasa-ƙasa. Na Kawu yana ta ɗagawa zuwa gobe. Da suka ƙare saura mutum biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja, don shi ma ba ya rasa tafiya, taro yau, ganin reshe jibi.

"Wayarka, Yallaɓai."

Manaja ya dubi wayar, ya dubi kwamfutar teburinsa mai ƙyafta koriyar fitila, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa.

"Injiniya, ka taɓa karanta saƙon Mai Kamfani? Mutumin nan ko mafarki ya yi sai ya rubuto min. Ni ka bar min nawa yadda yake."

Amsa ta zo wa Injiniya har bakin harshe, wato ya yi ƙarya ya ce tsarin ba ya rabuwa, in an bar wa ɗaya sai an bar wa kowa. Manaja ba zai taɓa ganewa ba. Amma ya tuna Kawu bai taɓa sauka ƙasa haka ba, sai ya haɗiye ta.

"Zan iya bari. Sai dai Mai Kamfani zai tambaye ni wa ya rage, kuma zan faɗa masa."

"Wa da wa suka rage?"

"In na gama da Kawu, kai kaɗai."

Manaja ya sosa haɓa.

"Ni kaɗai bai yi kyau ba. Wa ya ce ka taɓa dattijon nan? Ka ce manyan ma'aikata an bar su a kan abin da suka saba. Girmamawa ce."

"Maganar tebur fa?"

"Wane tebur? Fita ka ba ni wuri. Ka gaya wa mai shara kar ta kuskura ta zare min soket."

Injiniya ya koma kujerarsa yana juya abin. Shi dai bai yi ƙarya ba, kuma ba za a ce ya tsaya wa gaskiya ba. Ya gane jinin gidansu ne. Ya rubuta wa Kawu albishir, ya tura.

Daga can lungu, a bayan tsohuwar kalanda, kwamfutar Kawu ta yi ƙara ɗaya ta haɗiye shi.