Sunan Ɗan Fari

A makarantar mazaje ta ƙauyensu, kusa da Dosso, an ce uba ya riƙa kai ɗansa asibiti da kansa. Shi ya sa yau Saini yake layi, rungume da yaronsa mai zazzaɓi, mata na ta ƙus-ƙus.

Malamar asibiti ta ce, "Sunan yaro?"

Ɗan fari ne, saboda alkunya bai taɓa kiran sunansa ba, ga kuma kakar yaron tsaye a bayansa.

Malamar ta ce, "Malam, jiki zafi rau, ka tsaya kunya?"

"Hamani," ya ce.

Yaron ya buɗe ido, yana waige-waigen wanda ya kira shi. Ko kallon uban bai yi ba.