Malam Hashimu na Zakirai

Luba ba ta daɗe da zama manaja a ƙaramin gidan rediyon gwamnati da ke hanyar Makoda ba, sai ga wani dattijo ya tsuguna a ƙofar ofishinta, rediyo rataye a wuyansa. Ya ce sunansa Buwai. Ya buɗe tafinsa, ga gyaɗar da ya tono daga gonarsa, duk ta ruɓe, ko tsiro babu.

"Hajiya, gidan Malam Hashimu na Zakirai nake so a kwatanta min."

Duk mai jin shirin manoma na ranar Laraba ya san Malam Hashimu. Shi ke bugo waya yana yabon wani sabon irin gyaɗa, har yana rantsuwa bara sai da ya ƙara rumbu. Buwai ya ji, ya sayar da irinsa na gado, ya shuka sabon a gonarsa kaf.

"Irin ba shi da laifi, tunda shi ya yi masa," in ji Buwai. "Hannuna ne. So nake ya faɗa min zurfin raminsa kafin in sayo wani buhun, tunda lokacin shuka bai wuce ba."

Luba ta sa aka kira Abdulkabir, mai kula da tallace-tallace, don shi ke riƙe da lambobin masu bugowa. Ya shigo yana sakace, turarensa ya riga shi isowa.

"Ranki ya daɗe, ga ni."

Buwai ya miƙe zumbur. Wanda ke noma da rediyo a wuya, murya ba ta ɓace masa.

"Malam Hashimu! Ashe kana nan!"

Ya kama hannun Abdulkabir da hannu biyu, hannu lukwi kamar sabon burodi. Abdulkabir ko kunya babu, ya matso kusa da Luba yana murmushi.

"Haka muke yi tun kafin ki zo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Daga ɗakin baya nake bugowa. Mai irin ne ke zuba mana man janareto, in kin taɓa shi gidan nan ya yi shiru. Bari in sallame shi."

Ya juya, ya gyara murya irin ta ranar Laraba. "Baba, ai ramin ne ka zurfafa. In ka sayo wani..."

Luba ta dubi Abdulkabir. Ƙato da shi, a gaban furfura! Ta san abin da maganar za ta jawo mata, amma ta faɗa.

"Baba, kada ka sayi komai. Babu wani Malam Hashimu. Wannan ma'aikacinmu ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Irin ne matacce, ba hannunka ba."

Buwai ya saki hannun a hankali, ya goge nasa a jikin riga. Ya daɗe yana kallon Abdulkabir. Sannan ya zube ruɓaɓɓiyar gyaɗar a kan teburin Luba, ya cire rediyon daga wuyansa ya ajiye kusa da ita.

"Ni tawa mai sauƙi ce, Hajiya. Rabin garinmu irin nan suka shuka. Ni nake kunna musu shirin a gindin tsamiya."

Ya fita, ya bar rediyon a kunne.