Giyar Faransa a Gidan Manomin Inabi

Duk wanda ya san Mervyn a kwarin Barossa ya san ra'ayinsa a kan giyar Faransa, ko bai tambaya ba. Manomin inabi ne ɗan manomin inabi, kuma a wurinsa giya ita ce wadda za ta rina maka haƙora, ka ji ɗuminta har tafin ƙafa. Ta Faransawa kuwa, ruwan ɗauraye kofi yake ce mata. Shi ya sa da yayarsa Raelene ta ji cewa ranar Asabar ya tuƙa tsohuwar motarsa har birnin Adelaide don sayo kwalba guda ta giyar Faransa, sai da ta nemi kujera ta zauna.

Odile ce sila. Bafaranshiya ce mai gidan burodi a garinsu Mervyn, Tanunda, ta daɗe a garin har karnuka sun daina yi mata haushi. Tun bayan rasuwar matarsa Mervyn yake sayen burodin da ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, kajinsa sai ƙiba suke yi. Yanzu ta sayar da shagon, ƙanwarta ta matsa mata ta koma gida Faransa, ita kuma ta ce kafin a fara girbin inabi za ta yanke shawara. Mervyn ba ya so ta tafi, amma ƙaton nan da ke yi wa tarakta tsawa ya kasa buɗe baki ya faɗa. Da ƙyar ya iya gayyatarta abincin rana ranar Lahadi.

Mai shagon giyar, Lachlan, ɗan wani tsohon abokinsa ne. Yana ganinsa ya washe baki.

"Baba Mervyn! Ɓatan hanya ka yi? Na gida suna can hagu."

"Kai, rufe mini baki. Ina na Faransa?"

"Na ina? Sake faɗa in kira babana ya ji da kunnensa."

"Ka kira shi in fasa maka kai. Akwai ta wani gari wai shi Chinon?"

"Akwai mana. Me za a ci?"

"Cinyar rago da dankali."

"Ta dace kuwa. Da wa za a ci?"

"Ina ruwanka?"

Lachlan ya sauko da wata siririyar kwalba, ya ce a ɗan sa ta a firji kafin a sha. Jar giya a firji! Mervyn ya haɗiye maganar da ta zo masa. Saboda zafin rana ya naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tawul, ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel. Duk hanya yana fito, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi.

Ranar Lahadi Raelene ta zo da sassafe ta kama girki, ta kama tsiya. "Yau kuma har da guga? Wannan turaren ai sai ya kashe ƙudajen gidan nan." Mervyn ya leƙa titi, ya dawo ya leƙa firji, ya sake leƙa titi.

Odile ta iso cikin riga ruwan ɗorawa. Da aka zauna ya ajiye kwalbar a gabanta, ta karanta sunan garinsu, ta dafe ƙirji.

"Mervyn! Kai ɗin? Daga tagar ɗakin mahaifiyata ana hango gonakin inabin da aka yi ta da shi!"

Daɗi ya kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ya miƙe, ya cafki wuyan kwalbar, ya murɗa yadda ya saba. Ta ƙi buɗuwa. Ya ƙara ƙarfi, sai ga ɗan siririn ƙarfen da aka naɗe bakin da shi ya yage a hannunsa, ga matoshin ɓawon itace a cushe a ciki, daram. A kwarin nan an daɗe da komawa murfin murɗawa, har mutum ya manta akwai wani iri.

"Yaya, ina abin nan na zaro matoshi?"

"Wane abu? Na ba da shi sadaka tare da tsofaffin tukwane. Me za ka yi da shi a lokacin?"

Aka zazzage durowar cokula, aka zazzage ta wuƙaƙe. Ya buga wa maƙwabci waya, maƙwabci ya yi dariya ya ce ya gwada gidan tarihi. Ga nama yana hucewa. Mervyn ya ruga rumfar kayan aiki, ya dawo da ƙusa mai zare da filaya, gumi ya jiƙa rigar da ya sha wahalar gogewa.

"Ku matsa, yanzu za ta fito."

"Ƙanena, giya ce fa, ba tayar tarakta ba," in ji Raelene.

Ya murɗa ƙusar, ya dafe kwalbar tsakanin gwiwoyinsa, ya ja. Rabin matoshin ya ɓalle ya faɗa cikin kwanon dankali, rabi ya zauna abinsa. Kunya ta lulluɓe shi. Ya ɗago ya ga Odile ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa, dariya har da hawaye.

"Gidan manomin inabi!" ta ce. "Kawo, kawo kafin ka ɗauko guduma."

Ta buɗe jakarta ta fito da ɗan murɗaɗɗen ƙarfe mai mariƙin icen inabi, ya yi santsi don tsufa. Na mahaifinta ne, ta ce, ko'ina za ta da shi take tafiya. A hankali ta zaro ragowar matoshin, ta zuba wa kowa.

Mervyn ya kurɓa yana shirin yin ƙarya don ya faranta mata. Sai ya ji wani abu dabam. Sanyi-sanyi, ɗan tsami, da ƙanshi irin na ƙasa bayan yayyafi. Ya kai loma, ya sake kurɓa, ya ji ragon ya ƙara daɗi.

"Yaya ka ji ruwan ɗauraye kofin?" Raelene ta tambaya.

"Na yi masa ƙazafi." Ya ajiye kofin, maganar ta kuɓuce masa gaba ɗaya. "Odile, kada ki koma. Don Allah."

Raelene ta tsura wa farantinta ido. Odile ta dube shi, ta ci gaba da yanka namanta. Haka aka gama cin abincin.

Da aka kwashe kwanuka Odile ta goge ƙarfen mahaifinta da tsumma. Ta jawo durowar cokula, ta kwantar da shi a ciki, ta rufe, ta rataya jakarta.

"Odile, kin manta abinki," in ji Raelene.

"Ban manta ba, Yaya. Ba zan zauna a gidan da ake buɗe giya da filaya ba, gara in gyara shi tun yanzu."