Ayashe

Surukata ce ta miƙo mini wayarta, tana kwance a ɗakin masu jego na asibiti, jaririyar na barci a gefenta.

"Baba, kai ne mai littattafai. Duba mana sunan nan, shi ake yayi yanzu. Ayashe. Wai ma'anarsa furen aljanna."

Sunan matata ne. Har ta rasu surukar ba ta taɓa jin sa ba, don kowa Inna yake ce mata.

Ni kuwa na san asalinsa. Iyayenta sun binne 'ya'ya a jere kafin ita, sai suka ce a yashe wannan, ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Da shi aka yi mata dariya a makaranta. A shagon ɗinki inda ta ƙare ƙuruciyarta kan keke, abokan aiki sun mayar da shi abin tsokana. Lokacin da aka haifa wa ɗanmu 'yarsa ta fari, ta cire kunya ta roƙe shi takwara. Ya ce, "Haba Inna, sunan ƙauye?" Ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu ga ɗan namu tsaye a bakin gado yana nazarin takalminsa.

"Haka ne, Baba?" in ji surukata. "In ba shi da ma'ana mai kyau sai mu canza."

Duk rayuwata gyara wa mutane kuskure nake yi, har na jarida ban bari ba. Amma in na buɗe baki da gaskiya, takwarar ta sake kuɓucewa.

"Haka ne," na ce. "Fure ne."

Aka sa wa yarinya sunan.

Ran suna ƙanwar marigayiya ta iso da sandarta. Tana jin sunan ta dafe ƙirji.

"Ke 'yar nan, sunan uwar mijinki za ki dinga kwaɗawa a tsakar gida? Ba kunya?" Ta juya kan ɗana. "Kai kuma, shanyayye, bakinka zai iya?"

Bakinsa ba zai iya ba, na matarsa ma haka. Kafin a sallami baƙi an yi wa jaririya laƙabi, Mami.

Yanzu tana rarrafe. Ranar da aka bar mini ita a falo na ɗan lokaci, na kira ta da sunanta na gaskiya, a hankali. Ko waiwayowa ba ta yi ba.