Naman Bayan Sulke

Abin da sojoji ke so a wurin Mahauci ba mai wuya ba ne. Rago feɗaɗɗe, a cire kai da ƙafafu da hanji, amma kada a tsaga ƙirji, a bar huhu da zuciya da hanta a inda Allah ya ajiye su. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun ranar farko: faɗin ƙirjin ragon ya zo daidai da na saurayi.

Cibiyar binciken tana bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Katanga biyu gare ta, ta waje da ta ciki, da waya a tsakani. A can ake ƙera wani sabon sulke wanda aka ce shi sojojin gobe za su saka. Mahauci ya taɓa riƙe shi da safar hannu. Baƙin faranti ne, bai fi murfin tukunya nauyi ba. Sai a ɗaura shi a ƙirjin rago, a rataye ragon a ƙugiya, a yi ta harbi daga bayan gilashi. Daga nan a sauke, a duba ko haƙarƙari ya karye, ko huhu ya fashe. In an gama, a jefa a tanderu.

Tanderun nan ne ke ci masa rai. Mutumin da ya tsufa yana kankare ƙashi don kada tsoka ta tafi a banza, yau shi ne ke kawo ƙosassun raguna a ƙone. Ran nan dai ya kasa haƙuri. Surukinsa, wanda shi ne direban motar naman, yana sauke kaya a ƙofar ɗakin sanyi, Dakta mai kula da gwajin na tsaye tana duba kowane rago, sai Mahauci ya ce, "Dakta, don Allah, nama ne fa. Rami ɗaya ko biyu, ko ma babu ramin. A yanke wurin a ba talakawa sauran mana."

Dakta mace ce siririya, mai magana a hankali, kuma ba ta taɓa raina shi ba. Ta cire takunkumi ta ce, "Baba, in harsashi ya daki farantin nan, ba ya huda shi. Gari yake fitarwa ta baya, wanda ya fi hoda laushi, ido ba ya ganinsa. Yana ratsa tsoka har hanta. Wanki ba ya fitar da shi, tafasa ba ta narka shi."

"To in ya shiga cikin mutum fa?"

"Shi muke nema mu sani. Ɓerayen da muka ba wa dai ba su ji daɗi ba."

Manjo, wanda ke riƙe da tsaron wurin, ya ƙaraso yana dariya. Mutum ne mai fara'a, irin wanda in ya dafa kafaɗarka sai ka ji sanyi ya sauka har ƙafa. "Tsoho, har yanzu kukan raguna kake? Bari in gaya maka, ko tokar wurin nan ta gwamnati ce. Akwai wani mai shara da ya tsinci ɓallin farantin nan ya kai gida, wai zai riƙa wasa wuƙa da shi. Matarsa har yau tana zuwa ƙofa tambaya."

Ya yi dariya, Mahauci ma ya yi, don haka ake yi. Direba bai ɗago kai ba.

Aka kwana biyu. Wata ranar hutu Mahauci ya hau benen da 'yarsa Auta ke zaune da mijinta, ɗaki da falo a hawa na uku, matakala na warin kalanzir. Cikinta ya tsufa, na fari ne kuma, shi ya sa yake leƙa ta a kai a kai tun da uwarta ta rasu. Ya same ta a kicin tana fama da wuƙa.

"Baba, ka zo a daidai. Wuƙar nan ta zama cokali. Jiya aka wasa ta, yau ko albasa ba ta ci."

"Ke dai ba ki iya riƙon wuƙa ba tun kina yarinya. Kawo."

Ya karɓa ya juya naman da ke kan katako. Awazar rago ce da guntun wuya, da rabin hanta. Hannunsa ya tsaya. Shi bahago ne, yankansa na wuya yakan karkata ta wani gefe da ba na kowa ba a duk mayankar. Yankansa ne. A tsakiyar awazar kuma an zagaye wani wuri an ƙwaƙule, faɗin tafin hannu, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ja wuƙa a kan hantar. Hanta ba ta da sauti, kowa ya sani. Wannan ta yi ƙaras-ƙaras a hankali, kamar an taka yashi da takalmi.

"Wa ya kawo wannan?"

"Shi mana. Tun da aka ce mini a wurin awo jinina ya yi ƙasa, in riƙa cin hanta, bai taɓa fashi ba. Shi ko lasa ba ya yi, wai ni da ɗan cikina ne." Ta yi murmushi. "Ka ga surukinka, ka riƙa ce masa malalaci."

"Lafiyarki fa?"

"Lau. Sai dai cikin kan yi mini kamar na haɗiyi allura, nan ƙasan haƙarƙari. Maƙwabciyata ta ce ƙafar yaro ce. Sai kuma in na wanke baki in ga jini kaɗan."

Mahauci ya naɗe naman a leda, ya haɗa da katakon da wuƙar. "Wannan ya kwana. Kada ki ƙara cin naman da ba ni na miƙo miki da hannuna ba."

"Kai Baba! Ko wari ba ya yi."

"Ni ne mahauci ko ke?"

Washegari da safe, suna kan hanyar cibiyar da raguna a baya, ya ce wa Direba ya gangara gefen titi. Ya ɗauko ledar daga ƙarƙashin kujera ya ɗora masa a cinya. Direba ya buɗe, ya rufe. Doguwar mota ta wuce ta girgiza su.

"Ta ina kake fitar da shi?"

"A cikin bahon jini, Baba. Sojojin ƙofa ba sa sa hannu a ciki. Mai tanderu ne ke ware mini wanda harsashi bai huda ba."

"A motata."

"Baba, kai da bakinka ka ce nama ne. Ka ce a yanke wurin."

"Na ce. Ita kuma Dakta ba ka ji abin da ta ce ba? Ko kunnenka ɗaya ne?"

"Na ɗauka irin tsoratarwar 'yan boko ce. Komai a wurinsu guba ne."

"Surukinka mahauci, gidana nama har ƙudaje sun gaji da shi. Me ya hana ka buɗe baki?"

Direba ya kafa ido a sitiyari. "Ka ba ni 'ya, ka ba ni aiki. In zo kuma in ce ka ciyar mini da ita?"

Mahauci ya san in da shi ne, da shi ma ya ji wannan kunyar. Can Direba ya juyo. "Baba, ka rufa mini asiri. In Manjo ya ji, na tafi ke nan, kai ma ba za ka tsira ba. Mu kai ta asibitin gari."

"Mu ce musu me? Su nemi me?"

"Mu ce ciwon ciki."

Haka suka yi da yamma. Likitan gari ya danna nan ya danna can, aka ɗauki hoton ciki, ya ce yaro lafiya, uwa kuma gyambon ciki ne ke neman kama ta. Ya rubuta farin ruwan magani. Auta ta sha ta ce ta ji dama. Bayan 'yan kwanaki ta yi amai, da jini a ciki, ta ɓoye wa mijinta, ta gaya wa ubanta a waya tana dariya wai kada ya tayar da hankalin bawan Allah.

Ranar kai kaya ta gaba, Mahauci ya bar Direba a mota ya bi Dakta har cikin ɗakin sanyi. Raguna na rataye a jere, injin sanyi na gurnani.

"Dakta, tambaya gare ni. In kare ya ci naman nan, yaya ake yi masa?"

"Karen wa?"

"Na maƙwabci."

Ta dube shi ta daɗe. Ta je ta tura ƙofa ta rufe. "Karen ya daɗe yana ci?"

"Ya kwana biyu."

"Yana aman jini?"

"Ya fara." Ya kawar da kai. "Kuma tana da ciki."

Dakta ta zauna a kan wani akwati, ta dafe goshi. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai abin da muke ba wa ɓerayen, yana ɗaure garin ya fita da shi. Wasu sun tashi. Wanda aka makara da shi bai tashi ba. Amma sai an ga inda ya taru, kuma na'urar da ke ganinsa guda ɗaya ce, tana bayan katanga ta biyu. Ba na iya fita da maganin, ba na iya shiga da mutum. Komai sai ta hannun Manjo."

"Zai kama yaron da ya fitar da naman."

"Wataƙila." Ta miƙe daga kan akwatin. "Ba wannan ne ke ba ni tsoro ba."

"To me?"

"Manyanmu sun matsa a gaya musu abin da garin nan ke yi wa ɗan Adam kafin a ɗinka wa sojoji. Ba wanda zai yarda a ba wa mutum da gangan. Ka gane? Ba a ba ta ba, da kanta ta ci. In ta shigo, zan yi mata duk abin da na sani, na rantse. Amma ranar fitarta ba a hannuna take ba."

"In kuma na bar ta a gida?"

Dakta ta dube shi kamar yadda shi yake duban dabbar da ya san ba za ta kai kasuwa ba.

Mahauci ya yi ciniki da mutane iri-iri a rayuwarsa, ya san inda ake ja da inda ake saki. Nan bai ga abin ja ba. Ya fito ya wuce motarsa, Direba na leƙensa ta madubi, ya miƙe zuwa ofishin Manjo.

Ya shirya wa tsawa, ya shirya wa mari. Manjo ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya tashi da kansa ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo shayi.

"Haba Baba, ai da tuni ka zo. Mu da kai akwai ɓoye-ɓoye?"

"Ranka ya daɗe, yaron kuskure ya yi. Ni na jawo, da bakina."

"Wane yaro? Direba? Bar shi ya ci gaba da tuƙinsa, wa zai kawo mana raguna?" Ya matso da kujerarsa. "Kullum take ci, ko jefi-jefi? Hantar ta fi yawa ko tsokar? Cikin wata nawa ne?"

Mahauci ya amsa abin da ya sani. Kowace amsa sai Manjo ya gyaɗa kai, fuskarsa na ƙara washewa. Ya ɗaga waya ya yi magana da wani wanda yake ce wa ranka ya daɗe, ya juya baya, ya rage murya. Da ya ajiye sai ya ce, "An ba da ɗaki. Mai taga ne ma."

Kafin la'asar farar mota ta tsaya a ƙofar benen, ba jiniya, ba rubutu a jikinta. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Auta ta sauko a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala, da 'yar jakarta a hannu, mijinta na biye da ita kamar wanda aka zare wa laka. Mahauci ya gaya mata cewa naman ne ke da matsala, kuma likitocin sojoji sun fi na gari kayan aiki. Duka gaskiya ne.

Aka bar su su biyu suka raka ta har suka wuce katanga ta farko. A ta biyu soja ya sa hannu ya tare. Dakta na tsaye daga ciki da keken marasa lafiya, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba.

"Ikon Allah, Baba, ashe kai babban mutum ne," in ji Auta. "Dubi yadda ake ta rawar jiki a kaina." Ta juya wurin mijinta. "Kai kuma ka daina wannan fuskar. Na bar wake a jiƙe, ka zubar da ruwan kada ya yi tsami. Kayan jariri na cikin akwatin ƙarƙashin gado, kada ka taɓa, ban gama jera su ba."

"A kawo kayan jaririn ma," in ji Manjo daga bayansu. "Gobe in za ku kawo raguna sai ku taho da su."

Auta ta dube shi, ta dubi ubanta. Murmushin bai gama barin fuskarta ba. "Ai da saura, ranka ya daɗe. Ba yanzu zan haihu ba."

"Mun sani, 'yata," Manjo ya ce. "A dai kawo."

Soja ya danna wani abu a bango, ƙofar ƙarfen ta fara tafiya a kan dogonta. Auta ta ɗaga murya ta cikin abin da ya rage. "Baba, kwana nawa suka ce maka?"

Mahauci ya buɗe baki. Ƙofar ta riga shi.