Sawu na Biyu

"Ku miƙo min sandata," in ji tsohon.

Mai Walda ya saki igiyar da yake ja, ya share gumi da gefen riga. Dama ya san za a zo nan. Tun safe shi da Auta, ɗan tsohon, suke loda a-kori-kurar: gado, katifu, firji, akwatuna, har da tukwanen marigayiya matar tsohon. Abin da bodi bai ci ba, janareta da tankin ruwa, sun ɗora a kan ƙaramar tirelar da aka ɗaure a baya. Bayan Mai Walda sai ka ce an daka shi a turmi.

Shekara talatin suna katanga ɗaya da wannan tsohon direba, wanda duk layin ke kira Tan Ɗaya, saboda bai taɓa yarda a ɗora wa motarsa fiye da tan ɗaya ba, ko da za a yi masa kuka. Yanzu ciwon ƙirji ya cinye shi. 'Yarsa ta gyara masa ɗaki a gidanta, tafiyar awa biyu, kuma ga jaririyar da ta haifa kwana tara da suka wuce, wadda bai gani ba. Tun da aka haife ta ba shi da zance sai nata.

"Baba, don Allah," Auta ya ce. "Na karanta ƙarfen da ke jikin ƙofa. Tana ɗaukar tan ɗaya, tana jan tan biyu. Ba mu kai ko'ina ba."

"Ka karanta, sannu da karatu. Sandata."

Mai Walda ya ɗauko ta a bayan kujerar direba. Guntun katako ne da ya yi baƙi don riƙo, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba. Tsohon ya nuna tayar baya da haɓa. Mai Walda ya durƙusa da ƙyar, ya tsayar da sandar tsakanin taya da bodi. Ta shiga, amma sai da ta goge fenti.

"Ta shiga!" in ji Auta.

"Ta shiga ba kowa a ciki." Tsohon ya tsaya ya nemo numfashi. "Tirelar nan, wuyanta a kan wa yake? Ba a kan bayan motar ba? Ja daban, ɗauka daban, amma wuyan tirela kaya ne. Mutum ma kaya ne. Ku shiga mu gani."

Auta ya shiga ya zauna. Da Mai Walda ya ɗora ƙafa ya shiga, sai sifirin ya yi wata ƙara, motar ta durƙusa. Ba sai an gwada ba.

"Ka gani? Wannan ƙaton shi kaɗai buhu biyu ne na siminti. Ni buhu ɗaya, shi ma an tsakura."

"To a sauke firjin," in ji Mai Walda. "Yaya, minti ashirin ne."

"Firjin yana ƙarƙashin gado, gado yana ƙarƙashin katifa. Ku kwance, ku sake ɗaurewa, rana ta juya. Akwai gangarar nan ta bayan gada, birki bai san uba ba, bai san ɗa ba. Auta, tafi ka kafa min gado. Ka dawo ka ɗauke mu wayam, ni da mai riƙe ni."

Wallahi Mai Walda ya so ya yi gardama. Shi ya yi waldar ƙugiyar da tirelar ke rataye, ya san tsohon bai yi ƙarya ba, amma buhu uku kacal, a ce mota ba za ta yi haƙuri ba? Sai dai ya gaji, kuma cikin shekara talatin bai taɓa cin tsohon nan a musu ba. Ya ƙyale shi, kuma wannan ƙyalewar ta daɗe tana damunsa daga baya.

Auta ya tayar da mota ransa a ɓace. Tsohon ya bi ta da ido har ta sha kwana, yana kallon tayar baya.

Suka koma falo. Ba abin da ya rage sai kujerar roba, tabarma, da butar ruwa. A bango ga shatar inda firji ya tsaya shekara da shekaru, fentin wurin ya fi sauran haske. Mai Walda ya kwantar da shi a tabarmar, ya naɗe rigarsa ta sama ya sa masa a ƙarƙashin kai.

"An ce tana da hancina," in ji tsohon.

"Allah ya ba ta haƙuri."

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya a kan hanya, ban taɓa dawo wa da kowa gawar ɗansa ba. Ba zan fara da nawa ba."

"Na sani, Yaya. Huta."

Wajen ƙarfe biyu wayar Mai Walda ta yi ƙara. 'Yar ce, tana cewa Auta ya iso lafiya, an sauke kaya, an kafa gado, ya ma juyo. A bayan muryarta jaririyar tana tsala kuka. Mai Walda ya kara wayar a kunnen tsohon.

"Kai, wannan akwai hon," tsohon ya ce, ido a rufe. Ya ɗan motsa yatsa, alamar a bar wayar a nan.

Mai Walda ya riƙe ta har hannunsa ya yi sanyi. Bai san daidai lokacin da numfashin ya tsaya ba. Ya dai lura ƙirjin ya daina tashi, sai ya kashe wayar, ya yi salati a hankali, ya shafe masa ido. Ya nemi abin rufawa ya rasa, duk zannuwan suna can gidan 'yar. Ya zare rigarsa daga ƙarƙashin kan, ya lulluɓe shi da ita.

Ya fita ya zauna a dakalin ƙofar gida da singileti, sandar a kan cinyarsa. Bai kira Auta ba, don ba a gaya wa mai tuƙi irin wannan.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci motar ta shawo kwana, ba tirela, bayanta a ɗage, tana tsalle a kan kowane rami. Auta ya tsaya, ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofar gefen fasinja. A kan kujerar akwai sabon filo da yayarsa ta bayar, an ɗaure shi da bel don kada ya faɗi.